Makulli Na Biyu

Wata talatin da shida aka rubuta.
Na sa hannu wuri huɗu, na dangwala yatsa a na biyar.
Yayana Sha'aibu ne ya tsaya mini,
ya ce, "Ka riƙe ashirin da takwas ga wata
kamar yadda kake riƙe Asuba."

Na riƙe.
Wata ashirin da biyu ban makara ba.

Da safe aji, alli har gwiwar hannu,
da La'asar in tuɓe babbar riga in koma direba:
Kwangila, Samaru, Shika, a juyo,
huɗu a baya, biyu a gaba,
wata rana har da buhun barkonon wata 'yar Giwa
da ya sa mu atishawa har Palladan.

Sai giya ta fara kuka tsakiyar damina.
Bakanike a Muciya ya kara kunne kamar likita,
ya faɗi abin da ya haɗiye Yuli.
Fetur ya sha Agusta.
Satumba aka yi wa Hindatu aiki,
yaro ya zo lafiya, na gode Allah,
na fito harabar asibiti ina ƙirga da yatsu
abin da yatsu ba sa iya ƙirgawa.

Waya ta zama kunama a aljihu.
Lambar nan na sa mata suna: Kada Ka Ɗauka.
Na koyi kwanar da mota a bayan gidan aboki a Gyallesu,
in lulluɓe ta da tamfol,
in tako gida a ƙafa ina waiwaye
kamar wanda ya saci kayan kansa.

Laraba suka zo, ƙofar makaranta.
Babu ɗan sanda, babu hayaniya.
Wani saurayi ne da fayil a hammata,
ya yi sallama, ya tambayi iyali, har da mai jego.
"Malam, ba ni ba ne, takarda ce."
Da ya zage ni ma, da na sami abin riƙewa.

Ya ba ni minti goma in kwashe nawa.
Dadduma. Carbi daga madubi.
Takardun jarrabawar 'yan aji biyar.
Galan, igiya, rabin goro da ya bushe.
Yara sun cika taga, shiru,
irin shirun da na shekara ina roƙonsu.

Na ce, ashirin da biyun da na biya fa?
Ya ce sai an yi gwanjo a yi lissafi.
Ya gyara kujera, don ya fi ni tsawo.
Wannan gyaran kujerar ne ya fi ci mini rai.

A ƙofar gida akwai tabon baƙin mai,
faɗinsa kamar faifai.
Kajin maƙwabta da suka saba da inuwa
suna zagaye shi da rana tsaka.
Ummita ta ce takalminta ɗaya yana ƙarƙashin kujerar baya,
yaushe mota za ta dawo daga unguwa?
Sha'aibu ya kira da dare.
Muka gaisa. Muka sake gaisawa.
Ya ce ruwa ya yi yawa a gona bana.

Jiya ina cikin bas a Ƙofar Doka
ta wuce mu, shuɗiya, an wanke ta fes,
an sake mata lamba,
amma fitilar hagu na nan da salatif ɗin da na liƙa,
giya kuma na wannan kukan.
Ban san lokacin da na ce, "A hankali da ta biyun!" ba.
Na kusa da ni ya dube ni, ya matsa.

Makulli na biyu yana aljihuna har yanzu,
ba su tambaya ba, ban tuna musu ba.
Da shi nake kankare katin waya.
Ashirin da takwas ga wata kuma
tun kafin ladan nake farkawa.